Ɗakin Da Muka Rufe Surayya

Tun da na fara ba ku labarina kuke ta kirana baiwar Allah a ƙasan rubutu. Wata har cewa ta yi ta tsaya yi mini kuka a bakin murhu miyarta ta ƙone. 'Yar uwa, ki yi haƙuri da asarar miya, amma ki adana hawayenki, yau za ki san wadda kika yi wa kukan. Ni Mardiya ba tausayi nake nema ba. So nake in faɗa, don abin yana cina a rai wata biyu ke nan.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni bazawara ce, shekarata ashirin da huɗu. Mijina Usaini, ɗan Kurfi, ya rasu shekara biyu da suka wuce bayan ciwon ƙirji na sati uku. Likita ya ce limoniya ce. Mutanen gari, da yake sun fi likita karatu, suka ce tarin fuka ne. Ya bar mini yara biyu, Surayya mai shekara shida da Musaddiq mai uku. Ina fita takaba na dawo wajen mahaifiyata, Inna Turai, a ciki da falon da take haya nan Dutsin-Ma tun da suka baro Dabawa.

Surayya 'yar fari ce, kun kuwa san yadda muke da 'yan fari. Ba na kiran sunanta, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". Ita kuma Anti take ce mini. Ban taɓa ɗora ta a cinya gaban manya ba, ko faɗuwa ta yi sai dai wani ya ɗaga ta. Haka aka rene ni, haka na ga ana yabon mace. Amma Allah ya sani duk duniya ba ni da kamarta. Dangin ubanta sun nemi in ba su ita sau uku, sau ukun ina cewa a'a.

To, bari in kai ku ɗakinmu na ciki. Bangonsa na gabas jingine yake da makewayin mai gidan, Alhaji Ya'u, duk ruwan wankan iyalinsa a gindin bangon nan yake kwana. Da rani abin da sauƙi. Da marka ta kankama a watan Agusta, sai bangon ya fara zufa. Fumfuna ta taso daga ƙasa, baƙa-baƙa da tsanwa-tsanwa, ta haura har tsayin ƙuguna, ta zagaya bayan sif. Takalmin sallata na fata ya yi gashi. Atamfofin da Usaini ya bar mini, duk wadda na ɗaga sai wani wari ya buge ni, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Na goge bangon da omo da ruwan zafi, na goge da bilic har hannuna ya sale. Kwana huɗu ta dawo, har da ƙari.

Musaddiq majina kawai yake yi. Surayya ce abin ya kama wa ƙirji. In ta ja numfashi sai ka ji wani siririn fito, ramin wuyanta yana lotsawa. Na kai ta asibiti, malamar da ta duba ta ta ba mu abin shaƙa, ta kalle ni ta saman gilashi.

"Akwai danshi a ɗakin da take kwana?"

"Akwai kaɗan."

"Babu kaɗan a wannan maganar. Asma ce ke son kama ta. Ku fitar da ita daga ɗakin, ku shanya katifa, taga a buɗe kullum, a gyara inda ruwan ke shigowa. Kuma ban da hayaƙi. Ko turaren wuta ban yarda ba, kin ji ni?"

Na ce na ji. Ku riƙe wannan, na ce mata na ji.

Muka mayar da shimfiɗar yara falo. Na saka hijabi na je na durƙusa wa Alhaji Ya'u a zaure, yana cin gyaɗa dafaffiya. Ko kallona bai yi ba.

"Hunhuna? Yo damina ce, ni na saukar da ruwan? Ɗiyan jami'a na nan suna bina da roƙo in ba su ɗaki. In gidan bai yi maku ba, ƙofa a buɗe take."

Na tashi na kakkaɓe gwiwata. Inna ta ce in rufa mata asiri kada in sake komawa.

A cikin wannan hali Abdullatif yake nemana. Ɗan kasuwar hatsi ne, yana da rumfa a kasuwar Laraba, fari dogo mai son shadda ruwan toka da hula zanna. Bai taɓa aure ba, wannan kaɗai ya isa Inna ta riƙa yi masa shimfiɗa da sabuwar darduma. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Mutum ne da in ya ce "Mardiya" sai in ji kamar ban taɓa takaba ba. Ranar da ya fara zuwa ya kawo wa yara biskit, ya ce, "'Ya'yanki 'ya'yana ne." Na kwana uku ina juya maganar nan a raina ina murmushi ni kaɗai.

Mahaifiyarsa ta rasu, Gwaggo Sauda ce ta rene shi, ita ce mai yanke magana a gidansu. Ranar Alhamis da hantsi ina tsintar wake saƙonsa ya shigo.

"Sarauniya, Gwaggo za ta zo ganinki Asabar bayan azahar, ita da ƙanwarta."

"Allah ya kawo su lafiya."

"Amin. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, tarin ne dai."

Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga shi.

"Don Allah kada Gwaggo ta ji tarin nan. An riga an kai mata wata magana a kan ciwon marigayi, da ƙyar na kashe ta. In ta ji yarinya na tari, wallahi an gama."

Na karanta wa Inna. Ta ajiye tsintsiya, ta ɗaure zani tamau.

"Gaskiya ya hwaɗa maki. Yaron nan mai hankali ne."

"Inna, mu kai ta wajen matar Alhaji ta wuni mana."

"Wa? Waccan mai bakin? Kahin baƙi su gama shan ruwa ta kai labari har Karohi. A ɗaka za ta zauna. Awa guda ce, mi za ya same ta?"

"Malamar asibiti ta ce..."

"Malamar asibiti za ta aure ki? Ke Mardiya, shekara biyu kina zaune mani a ɗaki da ɗiya biyu. Saurayi ya zo har gida, kina neman ki kore shi da tari?"

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne na farko.

Juma'a muka wuni aiki. Inna ta sayo takardar bango mai furanni ja, irin wadda ake mannawa, muka lulluɓe bangon gabas da ita ko da baƙi za su leƙa. Gam ɗin ma ƙin kamawa ya yi saboda laima, sai da muka haɗa da ƙusa. Ido dai ya rufu, hanci ne ya ƙi. Warin nan yana biyo ƙasan ƙofa ya shigo falo.

Asabar na yi wanka na saka leshi ruwan zuma, ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi mai duwatsu, ga jan lalle ya kama ƙafata ram. Musaddiq aka saka masa 'yar shadda da hula, aka goge masa hanci, shi ne na nunawa. Surayya kuwa Inna ta kama hannunta ta kai ta ɗakin ciki, ta zaunar da ita kan tabarma, ta ba ta alawa biyu da 'yar tsanarta.

"In kika yi motsi sai na yanka ki. In tari ya zo maki, ki sa hilo a baki."

Sannan ta ɗebo garwashi a kasko biyu, ta zuba hawi da kajiji. Ɗaya ta ajiye falo. Ɗayan ta shiga da shi ciki, ta ajiye gindin bangon gabas, ta jawo taga ta rufe. Kowace mace a cikinku ta san dalili: turare ba ya kama ɗaki sai an rufe ko'ina.

"Inna, hayaƙin..."

"Daga nan warin ke fitowa, nan za a kashe shi. Yanzun nan zai lahwa."

Surayya ta ɗago ta kalle ni, ta ce, "Anti, abin shaƙata." Na ce yanzu zan kawo mata. Yana cikin jakata a falo. Kafin in kai ga jakar aka yi sallama a tsakar gida, Inna ta ja ƙofar ta saka sakata ta waje.

Gwaggo Sauda doguwa ce mai jiki, ta sha lafaya shuɗiya, zobba a yatsu huɗu, ga haƙorin Makka. Ƙanwarta ba ta da magana sai kallo, ta ƙirga kujerunmu da ido kafin ta zauna. Na durƙusa na gaishe su, na koma gefen ƙofar ciki na zauna kan leda, na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi. Tsakanina da ƙofar nan bai kai taku biyu ba.

"Kai, ɗakin nan da ƙamshi yake," in ji Gwaggo. "Haka ake son mace."

Inna ta washe baki. Aka kawo zoɓo da cincin. Gwaggo ta ɗauki Musaddiq ta juya shi, ta duba idonsa, ta taɓa ƙirjinsa kamar mai sayen rago.

"Wanga kam lahiyayye ne. Ina babbar? An ce mani biyu ne."

"Tana Kurfi wajen dangin ubanta," in ji Inna, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Hutu ta tahi."

Gwaggo ta juyo gare ni. "Ko kina kewarta?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Suka yi dariya su duka.

"Ɗiyar fari ce ashe! Kin ga kunya. Yaran yanzu har sunan ɗan fari suke kira a gaban surukai."

A daidai nan aka kece da ruwa. Rufin gidanmu kwano ne ba silin, in ana ruwa sai an ɗaga murya. Inna ta ji daɗi, na gani a fuskarta. Baƙin da za su yi awa guda suka gyara zama, aka shiga hirar tsadar wake da ta wanda ya auri wa.

Su ba su ji ba, ni na ji. Tarin farko a cikin filo ta yi shi, kamar yadda aka umarce ta. Na biyu ma haka. Daga nan filon bai ƙara rufe komai ba, sai wannan siririn fiton, yana shiga yana fita da sauri. Na ce a raina bari su sha zoɓon su tashi. Na ce bari ruwa ya tsagaita. Jakata tana kan kujera, Gwaggo ta jingina da ita.

Sai aka buga ƙofar. A hankali, sau uku, daga can ƙasa.

Ƙanwar Gwaggo ta karkata kai. "Kamar motsi nike ji."

"Akuyar masu gida ce," in ji Inna. "In ana ruwa sai ta raɓe ta bayan ɗaki tana sosa jiki."

Aka sake bugawa. Na waiwaya. Ƙofar tana da wata 'yar tsaga kusa da sakata, hayaƙi yana fitowa ta nan siriri. Na kalli sakatar, na kalli Inna. Inna ta zare mini ido ta ƙasan mayafi. Na mayar da kaina ƙasa, na ci gaba da kallon lallen ƙafata.

Kada wadda ta ce mini Inna ce ta hana ni. Inna tsohuwa ce, da hannu ɗaya zan iya ture ta. Ba a ɗaure ni ba. Abin da na tuna a lokacin shi ne, in na buɗe ƙofar nan, ƙaryar Kurfi ta tonu, tari ya fito, Abdullatif ya tafi, in koma shekara ta uku a gindin bangon Alhaji Ya'u. Na auna wannan da bugun ƙofar, na zauna. Har na ce wa kaina ai don su nake yi, in na yi auren za su samu ɗaki mai tayil da iska.

Aka buga na uku, sau ɗaya tak. Daga nan ban ƙara jin komai ba, ko fiton. Wallahi har sanyi na ji a raina, na ce ta yi barci.

Sai da aka kira la'asar ruwan ya ɗauke. Gwaggo ta dafa kaina ta sa mini albarka, Inna ta raka su zaure. Ina jin takunsu ya yi nisa na zare sakatar. Ƙofar ta ƙi buɗuwa gaba ɗaya, don jikinta ne a bayanta. Tana kwance a ƙasa, hancinta daidai ƙasan ƙofa inda iska ke ɗan shigowa, leɓenta ya yi baƙi, alawar nan biyu a dunƙule a hannunta ba ta sha ba. Ɗakin ya turnuƙe har ba a ganin furannin bango.

Ban san na yi ihu ba sai da matan gidan suka cika falo. Na fizgi abin shaƙa daga jakata, na saɓa ta a kafaɗa na fita ba takalmi, leshina yana jan taɓo, na tare mai babur a bakin titi. A hanya ina ta matsa mata abin shaƙa a baki, ba ta ja.

A asibiti malamar nan dai muka tarar. Suka karɓe ta da gudu, aka saka mata abin iska a fuska, aka yi allura. Da numfashin ya fara dawowa malamar ta fito, ta shinshina rigar yarinyar da ke hannuna, ta kalli kwalliyata daga sama har ƙasa.

"Biki kika je?"

Ta matso kusa da ni.

"Na ce miki ban da turare, kin ce kin ji. Da kun ƙara minti goma, da yanzu wanka ake mata ba allura ba."

Kwananta uku a asibiti. A rana ta biyu, ina zaune bakin gadonta tana barci, saƙon Abdullatif ya shigo. Bai san inda nake ba, Inna ta hana a gaya masa.

"Albishirinki! Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin yarinya mai natsuwa irinki ba. Ta ce awa biyu ko motsi ba ki yi ba. Za a zo sa rana bayan sati biyu."

Wani ya biyo baya.

"Ta ce tunda babbar ta saba da Kurfi, gara a bar ta can. Ƙaramin ma a gani daga baya. Kin san manya."

Na kife wayar a cinyata. Wanda ya ce 'ya'yana 'ya'yansa ne ke nan.

Ban san wanda ya kai labari Kurfi ba, ina zargin matar Alhaji Ya'u. Ranar da za a sallame mu sai ga Baba Rabe, yayan Usaini, da rigar gona a jikinsa. Kafin ya zo asibiti ya biya gidanmu, ya shiga ɗakin ciki, ya fizge takardar bango. Guntunta ya zo da shi a leda, bayanta baƙi ƙirin, ya ajiye mini a kan gado.

"A nan kuka rufe ɗiyar Usaini?"

Inna ta fara, "Malam Rabe, tsautsayi ne, yarinya ce ta shiga wasa..."

"Hajiya, da girmanki. Malamar ta gaya mani komi." Ya juyo gare ni. "Sau uku ina roƙonki ita kina hana ni, na ƙyale ki don na ce uwa uwa ce. Yau da ita zan koma."

Na ce, "Baba, shari'a ni ta ba wa riƙo. In na yi aure ma Inna ce."

"Tau mu je gaban alƙali. In kai mashi wagga takarda, in kira malamar, Dutsin-Ma duk ta ji, har masu neman aurenki."

Inna ta matso ta murɗe mini fatar cinya ta cikin hijabi. "Ki bar mashi ita," ta ce a kunnena. "Allah ne ya kawo maki sauƙi, ba ki gani?"

Na ture hannunta. Karo na farko a rayuwata na durƙusa gaban 'yata a gaban manya, na kama hannuwanta biyu. Ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru, ga shaidar abin iska a kumatunta. Tun da ta farfaɗo ba ta yi mini magana ba, ko ruwa daga hannun malamar take karɓa.

"Ki ce wa Baba wajena za ki zauna. Zan nemi wani ɗaki, wallahi ko na kara ne. Ba za ki ƙara shiga wancan ba."

Ta daɗe tana kallona. Muryarta a dishe ta ce, "Anti, na buga ƙofa."

"Ban ji ba. Ruwa ake yi, ban ji ba."

"Kin waiwayo. Ta ramin nan na gan ki."

Ɗakin ya yi tsit, har matar da ke jinya a gadon kusa ta daina fifita. Ta zare hannuwanta daga nawa a hankali, ta sauko daga gadon, ta nemi takalminta da kanta ta saka, hagu a dama. Ta je ta tsaya gaban Baba Rabe, ta ɗaga kai.

"Baba, a gidanku in mutum ya buga ƙofa ana buɗe mashi?"

Baba Rabe, mutumin da ko ranar jana'izar ƙaninsa ban ga hawayensa ba, ya juya fuska bango ya goge ido da hannun riga. Ya sunkuya ya ɗauke ta. Na miƙa masa abin shaƙarta, ya karɓa bai kalle ni ba.

Na bi su har bakin titi inda ake hawa motar Kurfi. Ta zauna a cinyarsa kusa da taga. Na tsaya daidai tagar har motar ta cika, ina jira ta kalle ni ko sau ɗaya. Taga a buɗe take, ta san sarai ina nan. Da direba ya tayar da mota, sai ta sa hannu biyu ta ja gilashin ta rufe.